Sauya Fasalin Ƙananan Taraktoci: Wasa a Amurka, Sana'a a Karkarar Abuja

ABUJA: Matafiyin da ya bi hanyar Abuja zuwa Lakwaja a farkon damina, ya ratsa Gwagwalada da Kwali har zuwa Abaji, yakan iya cin karo da wata 'yar ƙaramar motar noma mai ƙafa biyu, tana janye da tirela da aka lafta wa buhunan taki. Idan ya tsaya ya dube ta da kyau, zai ga cewa injin da akwatin giya daga ƙasar Sin ko Indiya suka fito, amma tirelar da kujerar direba da ƙugiyar da ta haɗa su, duk aikin mai walda ne na gida.

A Amurka da Ingila, irin wannan kwaskwarima ga ƙananan taraktoci abin sha'awa ne da mutane ke yi a ranakun hutu, suna kashe kuɗinsu domin nishaɗi da gasa. A ƙananan hukumomin da ke kewaye da Babban Birnin Tarayya kuwa, kwaskwarimar ce kan raba gardama tsakanin wanda zai mayar da kuɗin da ya zuba a kan injin da wanda jarinsa zai ruɓe a ƙarƙashin rumfa. Saboda haka batun ya cancanci 'yan kasuwa su dube shi da idon basira.

Wace irin tarakta ake nufi

Ƙananan taraktoci iri biyu ne. Akwai mai ƙafa huɗu wadda ake hawa, da Turawa suka ƙera domin yankan ciyawar gida da ƙananan ayyukan lambu. A Abuja ba a cika ganin irin wannan ba sai a filayen wasanni da manyan lambunan shaƙatawa. Akwai kuma mai ƙafa biyu, wadda mai aiki ke bi a baya yana riƙe da hannayenta, manoma kuma suna kiranta taraktar hannu ko fawa-tila. Ita ce ta shiga gonaki.

Ƙirarta ba ta da sarƙaƙiya. Galibi injin dizal ne mai fistin ɗaya, mai ƙarfin doki 8 zuwa 15. Da yawa daga cikinsu tukunyar ruwa ce a bisansu maimakon lagireto, ana zuba ruwa yana tafasa yana ƙafewa. Bel biyu ko uku ne ke kai ƙarfin injin zuwa akwatin giya, daga can kuma ya tafi ƙafafu da wuƙaƙen da ke juyawa suna kaftun ƙasa. Wannan sauƙi shi ne sirrinta. Bakaniken da ya saba da injin niƙa ko injin ban ruwa ba zai sha wuya wajen kwance ta ya mayar ba, kuma duk na'urar da bel ke iya juyawa, injin zai iya juya ta.

Asalin wasan a ƙasashen waje

A shekarar 1946 wani mutum mai suna Elmer Pond ya fara harhaɗa ƙananan taraktoci a garejinsa da ke South Bend, Jihar Indiana ta Amurka, daga ragowar kayan babur da na mota. Daga nan kamfanin Wheel Horse ya samo asali. Kamfanin International Harvester ya fito da samfurin Cub Cadet a 1961, John Deere kuma ya biyo baya da samfurin 110 a 1963. Waɗannan tsofaffin injuna masu ƙarfe mai kauri su ne masu sha'awa ke nema har yau, suna sake musu fenti, suna ƙara wa injin ƙarfi, suna canza musu taya da giya.

Babbar gasarsu ita ce ta jan nauyi. Akan ɗaura wa taraktar wani dogon keke mai akwatin nauyi a kansa. Yayin da take tafiya, akwatin yana matsowa gaba yana danne wani faffaɗan ƙarfe a ƙasa, har jan ya gagara. Wanda ya fi nisa kafin ya tsaya shi ne gwani. An kafa ƙungiyar masu wannan gasa ta Amurka, NTPA, a 1969, kuma ƙananan taraktocin lambu suna da nasu rukunin a bukukuwan manoma na gundumomi. A Ingila kuwa tsere aka fi so. An fara tseren injin yankan ciyawa a 1973 a yankin West Sussex, bisa sharaɗin a cire wuƙaƙen, kuma babu kyautar kuɗi. Amurkawa sun kafa tasu ƙungiyar tseren a 1992.

Abin lura shi ne, wasan ya gaji wata al'ada ce da talauci ya haifa. A shekarun 1930 na karayar tattalin arziki, da kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da sababbin taraktoci suka yi wuyar samu, manoman Amurka sun riƙa yanke tsofaffin motocin Ford suna gajarta su, suna ƙara musu akwatin giya na biyu, suna noma da su. Har kamfanoni suka shiga sayar da kayan da manomi zai saya ya mayar da motarsa tarakta. A Italiya, Ferruccio Lamborghini ya ƙera taraktocinsa na farko a 1948 daga kayan motocin soja da yaƙi ya bari, kuma da ribar tarakta ya kafa kamfanin motocin alfarma a 1963. Watau matakin da masu walda na Gwagwalada da Kuje suke a kai yanzu, mataki ne da manyan masana'antun wasu ƙasashe suka taka.

Dalilin da ya sa ƙaramar ta samu shiga

Tun daga shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da shirin Juyin Noma na 1980, manufar gwamnatocin Nijeriya ta fi karkata ga babbar tantan mai ƙafa huɗu. An kafa kamfanin Steyr a Bauchi tare da haɗin gwiwar 'yan Ostiriya, da kamfanin NTM a Kano da ke harhaɗa samfurin Fiat. Jihohi kuma suka buɗe sassan ba da hayar tarakta. Da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su domin harhaɗawa suka yi tsada, sai ayyukan waɗannan masana'antu suka ja baya. Taraktocin haya na gwamnati da dama suka tsaya saboda rashin kayan gyara.

Tarihin ya maimaita kansa a 2023. A watan Mayu na shekarar, dala ɗaya tana kan naira 460 da 'yan kai a farashin hukuma. Bayan da aka saki kasuwar musayar kuɗi a watan Yuni, ta yi ta hawa har ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Farashin babbar tarakta ya wuce inda matsakaicin manomi zai kai hannu. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka sayo daga ƙasar Belarus, a Sheda da ke ƙaramar hukumar Kwali. Adadi ne mai tsoka, amma idan aka raba shi ga ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, kowace ba za ta samu uku cikakku ba.

Akwai kuma yanayin gonakin kansu. Yankin Babban Birnin Tarayya, wanda aka ƙirƙira da Doka ta 6 ta 1976, yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000, kuma mafi yawansa karkara ce. Gwari da Gade da Bassa da Ganagana da Gwandara, tare da Hausawa da Fulani da sauran baƙi, suna noman doya da masara da dawa da shinkafa a ƙananan gonaki da ke warwatse tsakanin duwatsu da rafuka. Mai babbar tantan ba ya son ƙona man dizal ya yi tafiyar kilomita goma domin gonar rabin hekta. A fadamun kogin Gurara da na Usuma kuwa, nauyinta kan sa ta kafe cikin taɓo. Nan ne ƙaramar ta fi ta. Shirin noman shinkafa na Sawah, wanda masanin ƙasar Japan Farfesa Toshiyuki Wakatsuki ya jagoranta a yankin Bida ta Jihar Neja mai maƙwabtaka da Abuja, a kan taraktar hannu ya dogara wajen daidaita fangali da dama taɓo.

Abin da ake sauyawa

Aiki na farko da mai sabuwar tarakta kan kai wa mai walda shi ne tirela. Akan samo ƙarfen ƙafafun baya na tsohuwar mota daga kasuwar panteka, a ɗora masa bodi, a sa kujera a gaba. Da wannan kaɗai injin kaftu ya zama motar dako, mai kai taki gona, ta kwaso doya da masara zuwa bakin titi, a hanyoyin da a-kori-kura ba ta shiga da damina. Dabarar ba baƙuwa ba ce a Arewa, domin haka aka daɗe ana ƙera amalanken shanu.

Na biyu shi ne ƙafafun ƙarfe masu kama da keji, waɗanda ake sawa a madadin taya idan za a shiga fadama. Suna hana nutsewa, suna kuma taimakawa wajen dama ƙasa. Waɗanda ke zuwa tare da injin an auna su ne da ƙasar Asiya, don haka sau da yawa akan faɗaɗa su ko a sake kusurwar haƙoransu.

Na uku shi ne garma. Manomin tudu a Arewa da kunya ya saba, alhali wuƙaƙen da ke zuwa da injin baje ƙasa kawai suke yi. Bayan da aka shigo da noman shanu Arewacin Nijeriya a shekarun 1920, maƙera suka koyi kwaikwayon garmar Emcot, suna ƙera bakinta da sifiringin manyan motoci. Wannan ilmi ne aka juya ga taraktar hannu, ana rage faɗin garmar gwargwadon ƙarfin injin, ana rataya nauyi a gaba ko a ƙafafu domin kada taya ta riƙa zamewa.

Na huɗu, wanda ya fi kawo kuɗi, shi ne mayar da injin ya juya wasu na'urori: famfon ban ruwa da rani, injin sussukar masara da dawa da kaka, injin niƙa, wani lokaci har da janareta. A nan lissafi ne ke aiki. Irin waɗannan injuna suna juyawa sau 2,000 zuwa 2,200 a minti ɗaya. Idan na'urar da za a haɗa tana bukatar kashi ɗaya cikin uku na wannan gudu, sai faifan da bel ke zagayawa a kanta, wanda kanikawa ke kira fuli, ya ninka na injin sau uku a faɗi. Alal misali, mai santimita 10 a jikin injin, mai santimita 30 a jikin na'urar. Wanda ya yi kuskuren awo, ko dai injin sussuka ya farfasa ƙwayar hatsi, ko ya bar ta a jikin totuwa.

Akwai kuma ƙananan gyare-gyare da ba a cika lura da su ba, amma suna tsawaita ran injin: ɗaga bututun shaƙar iska sama domin ƙurar hunturu, ƙara matatar mai ta biyu saboda gurɓataccen dizal, da sa fitila domin aikin asuba.

Lissafin da ke bayan walda

Ribar kowane injin noma tana rataye ne a kan yawan sa'o'in da yake aiki a shekara. A yankin Abuja ruwa kan sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma kowa a makonni kaɗan na farkon damina yake son a gyara masa gona. Injin da kaftu kaɗai ya iya, zai yi aiki ba dare ba rana na ɗan lokaci, sa'an nan ya kwanta watanni.

A ɗauki misali domin sauƙin lissafi, ba domin farashin kasuwa ke nan ba. Mutum ya sayi taraktar hannu a kan naira miliyan 3, yana sa ran ta yi masa shekara biyar. Kowace shekara naira 600,000 na darajarta ke tafiya, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Idan sa'a 200 take aiki a shekara, kowace sa'a tana ɗauke da naira 3,000 kafin a yi maganar mai da ladan direba da gyara. Idan kuwa ya ƙara naira 800,000 ya yi tirela da famfo da injin sussuka, jarinsa ya zama miliyan 3.8, watau naira 760,000 a shekara. Amma da yake yanzu tana dako da damina, tana sussuka da kaka, tana ban ruwa da rani, sa'o'inta na iya kai 800. Nauyin kowace sa'a ya sauko ke nan zuwa naira 950. Ya ƙara kusan kashi 27 cikin 100 a kan jari, ya rage tsadar sa'a da fiye da kashi biyu cikin uku.

Ga wanda ya ci bashi, lissafin ya fi tsanani. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, wasu bankunan kasuwanci kuma a lokacin sama da haka suke ba da rance. Bashi ba ya hutun rani. Injin da ke kwance daga Yuli zuwa Afrilu cin uwar kuɗi yake yi.

Darasin wani kamfani na Abuja

Fitaccen misali na wannan tunani a Abuja ya fara. A 2014 wani Ba'amurke mai suna Jehiel Oliver ya kafa kamfanin Hello Tractor, ya fara aikinsa a Nijeriya da taraktar hannu mai ƙafa biyu, wadda ake iya haɗa wa kayan huɗa da dako da sussuka da ban ruwa. Abin da ya ƙara mata shi ne wata na'ura mai nuna inda take da yawan aikin da ta yi, manomi kuma ya nemi haya ta saƙon wayar salula. A watan Yulin 2015 ya zauna dandali ɗaya da Shugaba Barack Obama a taron 'yan kasuwa na duniya da aka yi a Nairobi.

Bayan 'yan shekaru kamfanin ya bar sayar da taraktar kanta, ya koma sayar da na'urar da manhajar da ake liƙa wa kowace irin tarakta. A 2018 ya ƙulla yarjejeniya da John Deere, wanda daga bisani, a 2022, ya sayi hannun jari a cikinsa. Darasin da ɗan kasuwa zai ɗauka a fili yake. Ƙarfen da ake shigowa da shi kowa mai dala zai iya kawowa, ribarsa kuma tana bin hawa da saukar naira. Abin da aka ƙara wa ƙarfen a nan gida shi ne ya zama hajar da ta ɗore.

Abin da ya faru a Asiya

Ƙasar Bangaladash ta fi kowace nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Bayan ambaliyar 1988 da ta hallaka shanun noma masu yawa, gwamnatin ƙasar ta cire haraji da takunkumin da ta sa wa shigo da ƙananan injunan dizal da taraktocin hannu. Injunan Sin masu araha suka cika kasuwa. Ƙananan masana'antu suka taso suna ƙera kayan gyara da injunan sussuka da famfuna, musamman a garin Bogura. Cikin shekaru kimanin ashirin, fiye da kashi uku cikin huɗu na gonakin ƙasar da inji ake huɗa su, kuma mafi yawan manoman haya suke yi daga maƙwabci mai injin.

A Indiya, wani maƙeri na gundumar Amreli a Jihar Gujarat, Mansukhbhai Jagani, ya cire ƙafar baya ta babur samfurin Bullet a 1994, ya sa ƙafa biyu da wurin ɗaura garma. Masu tallafa wa ƙirƙirar mutanen karkara suka taimaka masa ya yi rajistar fasaharsa, sauran maƙeran yankin kuma suka ɗauki samfurin suka bunƙasa shi. A ƙasashen biyu, ci gaban daga rumfar maƙeri ya fito, hukuma kuma ta share masa hanya.

Haɗari da iyaka

Duk da haka, kwaskwarimar tana da nata aibi, kuma wanda zai zuba kuɗi ya kamata ya san shi. Mafi muni shi ne batun birki. An ƙera taraktar hannu ne domin tafiyar ƙafa a gona. Idan aka ɗora mata tirela mai tan guda ba tare da birki a ƙafafun tirelar ba, a gangara kayan ne ke tura injin. Wasu samari kuma sukan canza fuli domin ƙarin gudu a kan titi, abin da ke wahalar da sarrafa ta, ya kuma cinye giya. Bel da ke juyawa a buɗe yana kama riga da zane da yatsu, ga shi mata da yara ne suka fi kusantar injin sussuka. Murfin bel bai wuce guntun falange ba, amma shi ake fara tsallakewa idan ana neman rage farashi.

Matsala ta biyu ita ce rashin ma'auni. Mai walda da ido da igiyar awo yake aiki, babu zane a takarda. Tirela biyu daga rumfa ɗaya ba lalle ƙugiyarsu ta zo daidai ba. Idan wani abu ya karye, sai an koma wurin wanda ya ƙera. Wannan ke hana sana'ar girma daga aikin ɗaiɗai zuwa masana'anta. Dillalan injuna kuma sukan janye lamunin gyara da zarar an taɓa ƙirar asali.

Ta uku ita ce jingina. Filayen Babban Birnin Tarayya duka a hannun Gwamnatin Tarayya suke, ƙananan manoma kaɗan ne ke da takardar mallaka da banki zai karɓa. An buɗe rajistar kadarorin jingina ta ƙasa a 2016, aka kuma yi dokar ba da rance a kan kadarorin da ake iya ɗauka a 2017, wadda ta ba da damar jinginar da injin noma. Sai dai tirelar da ba ta da lamba, ba ta da rasit, ba a san wanda ya ƙera ta ba, da wuya jami'in banki ya yi mata kuɗi.

Sa'an nan ita kanta taraktar tana da iyaka. A busasshiyar ƙasar tudu mai tauri, ƙarfin doki 12 ba ya huɗa mai zurfi, sai an jira ruwa ya jiƙa ƙasa. Ba ta tara tulin doya irin na Gwari. Bin ta a baya yini guda aiki ne mai gajiyarwa. Wanda ke da hekta hamsin na masara, babbar tantan ce maganinsa, kuma babu waldar da za ta canza haka.

Inda kasuwa take

Ga mai neman inda zai sa jari, ƙofofi uku ne a buɗe. Ta farko ita ce ƙera kayan haɗi da yawa a kan ma'auni ɗaya: tirela mai birki da lamba, ƙafafun fadama, garma, da murfin bel, waɗanda za su dace da samfura biyu ko uku da suka fi yawa a kasuwa. Hannun da za su yi aikin suna nan a Apo da Dei-Dei da Gwagwalada, da kasuwar Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin da ya rage shi ne zane da ma'auni da mai saye da yawa. Ta biyu ita ce kayan gyara kusa da gona. Bel ko ringi ko boris da aka rasa a makon shuka, asararsa ta ninka kuɗinsa sau da yawa. Ta uku ita ce ba da haya da horar da direbobi, domin injuna da yawa rashin canza baƙin mai a kan kari ne ke kashe su tun kafin tsufa.

Hukumomin da za su taimaka suna nan. Cibiyar Bunƙasa Noma da Injuna ta Ƙasa, NCAM, da ke kusa da Ilori, wadda Doka ta 35 ta 1990 ta kafa, tana da hurumin gwada injunan noma da tabbatar da ingancinsu tare da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, kuma ita kanta ta yi aiki a kan ƙaramar tarakta mai ƙafa uku. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta daɗe tana fitar da samfuran injunan sussuka da kayan noman shanu. Hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992, a Idu cikin Abuja hedikwatarta take. Tazarar da ke tsakanin ɗakunan zanen waɗannan cibiyoyi da rumfar mai walda ita ce ba a cike ba tukuna.

Akwai kuma batun haraji. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta cire harajin kwastan a kan injunan noma da ake shigowa da su, amma falange da sauran ƙarafan da maƙerin gida ke saye ba su samu irin wannan rangwame ba. Sakamakon haka, kayan da aka gama ƙerawa a waje kan shigo da sauƙi fiye da ɗanyen ƙarfen da za a ƙera irinsu a gida. Kamfanin ƙarafa na Ajakuta, wanda aka fara ginawa a 1979 a gaba da Lakwaja, har yanzu bai cike wannan giɓi ba, shi ya sa maƙeran suka dogara da panteka.

A nan ne wasan Amurkawa ke da abin koyi. Gasar jan nauyi filin gwaji ce da ba ta da tsada: ƙugiyar da ba ta da ƙwari a gaban jama'a take karyewa, mai kyau kuma sunan wanda ya ƙera ta ya bazu. Dokokin gasar su ne suka tilasta sa murfi da makashin inji na gaggawa. Bikin Nunin Aikin Gona na Ƙasa da ake yi a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, da kasuwar baje koli ta duniya ta Abuja, za su iya ware fili inda masu walda na ƙananan hukumomi shida za su kawo tirelolinsu da garmunansu, a ɗora musu nauyi ɗaya, a gwada birki a gangara ɗaya, injiniyoyi su auna, manoma da jami'an banki suna kallo. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya yi zarra a irin wannan fili zai fita da takardar shaida da masu saye, abubuwa biyun da ke mayar da rumfar walda ta zama masana'anta.